Falona a Fadaman Mada: fari, ruwan toka ko ruwan kunun gyaɗa?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara na zo nema, kuma don Allah waɗanda suka taɓa yin abin su sa baki. Mun gama filastar gidanmu a unguwar Fadaman Mada a Bauchi, an sa tayil, an yi silin, fenti kawai ya rage. Yau mako biyu ni da Baban Hanifa muna kan magana ɗaya. Shi fari tas yake so, in ba fari ba to ruwan toka irin na gidajen Abuja da yake gani a Instagram. Ni kuma raina ya kwanta da launin nan da ke tsakanin madara da ƙasa, kamar kunun gyaɗa da aka dama da kauri. Ya ce launin tsofaffin gidajen gwamnati ne. Tayil ɗinmu ruwan zuma ne, kujeruna ruwan ƙasa mai duhu, yarana huɗu, babbar shekararta 9. Tagogin falon biyu suna kallon yamma. Me kuka gani?

Ɗan Jahun:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki bi maigida. Fari ba ya tsufa, yana buɗe ɗaki, ko ba wuta falo yana da haske. Kuma duk labulen da kika rataya zai shiga da shi. Ni fari na yi a gidana kuma ban yi nadama ba.

Anti Yelwa:
Ɗan Jahun, yara nawa ne a gidanka?

Ɗan Jahun:
Ɗaya, Anti. Watansa 7.

Anti Yelwa:
To Allah Ya raya shi. Mu sake wannan magana idan ya fara dafa bango yana tafiya. Maman Hanifa, ni na yi fari a Yelwa shekara uku da suka wuce. Watan farko duk wanda ya shigo sai ya ce masha Allah. Da hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ko taga a rufe ƙura sai ta sami hanya. Ta kwanta a saman ƙofa, ta bi gefen labule, ta yi zane a inda fanka ke kaɗa iska. Ga titinmu ba kwalta, jar ƙasar nan tana shigowa da takalmi da jakar makaranta. Sai hannun manja, sai fensir, sai lalle ranar salla. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne turaren wuta. Ni ba na iya kwana ban sa turare ba, to kusurwar da nake ajiye kasko ta yi rawaya-rawaya har silin. A kan fari, komai ƙanƙantar abu sai ya yi ihu. Bara na mayar da falon ruwan madara mai ɗan ƙasa-ƙasa. Ƙurar ba ta daina shigowa ba, amma tunda launinta ɗan'uwan launin bangon ne, sai na ga dama nake gogewa, ba kullum ba.

Ummu Sadiq:
Daga Tumfure nake a Gombe, kuma abin da Anti ta faɗa haka yake a nan. Amma ina da tambaya. Wata mai tsara ɗaki ta ce min irin wannan launi sunansa launi mai ɗumi. Mu da muke fama da zafin Maris da Afrilu har ma'auni ya kai digiri 40, me zai kai mu ƙara wa ɗaki ɗumi?

Injiniya:
Ummu Sadiq, sunan ne ya rikita ki. Ba ɗumin jiki ake nufi ba. Masu harkar launi sun raba launuka gida biyu: waɗanda suka karkata wajen ja da rawaya, launin wuta da ƙasa, su suke kira masu ɗumi, waɗanda suka karkata wajen shuɗi da kore su ne masu sanyi. Mu a bakinmu da kin ga bango ruwan madara cewa za ki yi yana da sanyin ido. Zafin ɗaki kuwa daga kwano yake saukowa, da bangon waje da rana ke duka, da gilashin taga. Fentin cikin falo ba shi ne zai sa ki gumi ba. A waje ne launi ke da tasiri sosai, shi ya sa nake hana mutane shafa wa bangon waje baƙi-baƙi ko ruwan toka mai duhu, don yana shan rana yana ajiye ta har dare.

Bari in taɓo maganar tagar Maman Hanifa, don a nan gizo ke saƙa. Yawancin shawarar da ke yawo a intanet daga Ingila da Amurka take, inda suke cewa ɗakin da ke kallon arewa ba ya samun rana, na kudu shi ke samu. Mu Bauchi wajen digiri 10 muke arewa da tsakiyar duniya. Rana kusan a kanmu take wucewa, daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ma ta ɓangaren arewa take bi. Don haka a wurinmu gabas da yamma ne abin dubawa. Tagar yamma, daga la'asar zuwa magariba, haske ja-ja take zubowa. Idan fentinki rawayarsa ta yi yawa, da ƙarfe biyar falon zai koma kamar cikin kabewa. Ki nemi wanda ke da ɗan toka a cikinsa, rawayar ta lafa.

Maman Hanifa:
Injiniya, Allah Ya ƙara basira. To yaya zan gane wanda rawayarsa ta yi yawa? A katin launin da aka nuna min a kasuwar Wunti duk kusan ɗaya na gan su.

Mai Fenti:
Hajiya, shekarata 22 a wannan sana'a, bari in faɗa miki abin da nake faɗa wa kowa, wasu su ji wasu su ƙi. Kada ki zaɓi fenti a kati, kada ki zaɓa a waya. Wayarki da tawa ma ba launi ɗaya suke nunawa ba. Duk launin da kuke kira kirim yana da wani launi da ya ɓuya a ƙarƙashinsa. Wani rawaya ne a ƙasa, wani ruwan hoda, wani kore-kore. A ɗan katin nan ba ya fitowa, sai ya cika bango huɗu sannan ya nuna halinsa. Ki ɗauki farar takarda ki ɗora katin a kai, ki fita bakin ƙofa inda hasken rana yake, ba ƙarƙashin fitilar shago ba. Nan take za ki ga wanda ya yi hoda da wanda ya yi ƙwai.

Bayan nan ki ware guda uku, ki sayi ƙaramin gwangwani na kowanne. A shafa miki kowanne a bangon falonki, faɗin kamar sallaya, shafi biyu. Kowanne a wuri biyu: ɗaya kusa da taga, ɗaya a bangon da ya fi duhu, kuma a sauko da shi har ya taɓa tayil. Ki duba da hantsi, ki duba bayan la'asar, ki duba da dare. Kwana uku. Ki tuna emolshan, wato fentin ruwa marar sheƙi, yana canja fuska idan ya bushe, kada ki yanke hukunci yana ɗanye. Kuɗin gwangwani uku bai kai kuɗin bokiti ɗaya da za ki saya ki tsana ba.

Amaryar Bana:
Malam Mai Fenti, da ma na ji wannan kafin bikina. Angona ya yi wa gidan fenti ruwan ƙwai don ya faranta min, bai tambayi kowa ba. Su Umma kuma suka sayi kujeru da labule ruwan toka mai shuɗi-shuɗi. Ranar jere gwaggona ta tsaya tsakiyar falo ta ce bango da kujera ba sa gaisawa. Kowanne shi kaɗai kyakkyawa ne, amma tare sai bangon ya zama kamar ya yi datti. Har yau abin yana damuna, kuma ba halin canjawa yanzu. Don Allah angwaye, ku tambayi dangin amarya launin kayan ɗaki kafin ku kira mai fenti. Waya ɗaya ce.

Hajiya Babba:
'Yata, kada ki sa wa ranki damuwa. Ki nemi darduma da 'yan matasan kujera masu haɗa launukan biyu, da labulen ciki fari, za ki ga sun shirya. Maman Hanifa ke kuma kin yi sa'a, tayil ɗinki da kujerunki duk dangi ɗaya ne. Ruwan toka tsantsa a kan tayil ruwan zuma shi ne zai ba ki irin matsalar amarya. Ki faɗa wa maigidan haka cikin ladabi. Tayil ba a ɓamɓare shi, fenti ne ke bin tayil.

Ɗan Jahun:
Na ji duk hujjojinku, amma ku yarda da gaskiya ɗaya. Kirim ya yi yawa a garin nan. Ka shiga unguwar Federal Low Cost kirim, ka shiga ofis kirim, makaranta kirim da kore, asibiti kirim. Mutum ya gina gidansa da gumin goshinsa kuma ya shafa abin da ke sa baƙo ya ji kamar ya zo karɓar takarda? Ina ganin abin da Baban Hanifa ke gudu ke nan, kuma yana da gaskiya.

Mai Fenti:
Yana da gaskiya, Alhaji. Amma wancan kirim ɗin da kake nufi rawaya ce zalla aka tsarma, sau da yawa mai arha, aka shafa a kan filasta mai kaushi, aka yi silin da shi, aka yi ƙofa da shi. Dole ya gajiyar da ido. Abin da Hajiya ke magana daban ne. Idan aka yi sikiridin, wato shafin da ake yi a kan filasta don bango ya yi sumul, aka bar silin fari, aka ba ƙofa da gefen ƙasa launi mai ɗan duhu, wallahi ba za ka ce dangin wancan ba ne. Farin da kake so yana nan, a sama yake, kuma a nan ya fi amfani don shi ke watsa hasken fitila.

Baba Malami:
Ku ba tsoho dama. Ni mutumin Ganjuwa ne, na yi aikin koyarwa shekara 35. Ina karanta maganarku ina tuna ɗakin mahaifiyata. Wannan launi da kuke nema a kati, a cikinsa muka tashi. Bangon jar ƙasa, daɓe da aka yi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa, yana ba da wani ja mai duhu da sheƙi, kuma yana hana ruwa shiga. Idan salla ta gabato mata su jiƙa farar ƙasa su shafe cikin ɗaki da tsumma. Ba ta taɓa yin fari tas irin na takarda ba, kullum da ɗan ƙasa-ƙasa a jikinta, kuma idan aka jera kwanuka da tasoshi a kai, aka kunna a-ci-balbal, ɗakin sai ya yi wani kwarjini. Har yau ana haƙar farar ƙasa a Alkaleri. Duk wanda bai taɓa zuwa Kafin Madaki ya ga Gidan Madaki ba, aikin shahararren maginin nan Babban Gwani, ya daure ya je. Ka shiga soron nan da tsakar rana ka ji yadda idonka ke hutawa bayan hasken waje. Ranarmu tana da kaifi. Mutum ya dawo daga kasuwar Muda Lawal idonsa ya sha haske, bai kamata ya shigo gida bango ya sake kashe masa ido ba. Maman Hanifa, ki gaya wa mijinki in ji ni, launin nan ya girmi gidan gwamnati.

Ummu Sadiq:
Baba, ka sa na tuna kakata a Bajoga. Allah Ya jiƙan magabata.

Maman Hanifa:
Amin. Baba na gode, zan karanta masa da bakina. Malam Mai Fenti, wata tambayar: emolshan ko satin? Kuma bokiti nawa zan tanada? Wanda zai yi mana aikin ya rubuto adadin da ya ba ni tsoro.

Mai Fenti:
Da yara huɗu, falo da koridon da suke bi satin za ki sa, don ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Sharaɗinsa bango ya yi sumul, saboda ɗan sheƙinsa yana tona duk wani tudu da kwari na filasta, balle hasken yamma da ke zuwa a kaikaice. Ɗakin kwana emolshan mai kyau ya isa, shi yana rufa wa bango asiri. Kicin, wajen murhu tayil ya fi. Fentin mai kuma a bar wa ƙofar ƙarfe da taga.

Lissafi kuwa ki yi da kanki. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, tsayin bango mita 3, in an cire ƙofa da taga za ki sami wajen murabba'in mita 38. Shafi biyu ya zama 76. Fenti mai kyau a kan bango mai sumul, lita ɗaya tana cin kamar murabba'in mita 10, kin ga lita 8 ke nan. Ashe bokiti mai lita 20 zai yi ɗaki biyu har ya rage. Idan filasta ce tsirara ba sikiridin ba firaima, wato shafin share fage kafin fenti, za ta sha fiye da haka sosai, kamar ƙasar rani da ruwan farko. Ki duba jikin bokitin, kamfanoni irin su Dulux da Berger da Meyer suna faɗin abin da lita ke ci da yawan ruwan da za a ƙara. Kuma ki sayi na falo gaba ɗaya rana ɗaya. In a shago za a haɗa miki launin, a juye duka a babban mazubi a gauraya kafin a fara. Haɗin yau da na jibi ba sa zama ɗaya, sai ki ga bango rabi da rabi.

Anti Yelwa:
A ƙara da sa ido. Wanda ya yi min na farko, na fita kasuwa na dawo na tarar fentin ya zama kamar kokon da aka yi wa yawan ruwa. Bayan wata biyu duk wanda ya jingina sai rigarsa ta ɗebi gari. Ban sani ba ko daga shagon ne ko daga hannunsa, amma ni na yi asara. Yanzu a gabana ake buɗe bokiti.

Injiniya:
Akwai abin da ya fi launi muhimmanci kuma ba wanda ya ambata. Maman Hanifa, yaushe aka gama filastar?

Maman Hanifa:
Kwana 16 ke nan. Muna so mu tare kafin azumi.

Injiniya:
To ki dakata. Sabuwar filasta tana buƙatar aƙalla kwana 28 kafin fenti. Akwai ruwa a cikinta, kuma siminti yana da kaifin da ke cin launi. In aka yi gaggawa za ki ga farin gishiri yana fitowa, fenti yana kumbura yana ɓarewa, a kan launi mai ɗan ƙasa-ƙasa kuma tabon ya fi fitowa fiye da kan fari, wannan dole in faɗa don adalci ga Ɗan Jahun. Sannan sunan unguwarku ma ya faɗi halinta. Ki tambayi maginin ko ya shimfiɗa leda a kan tushe kafin ya ɗora bulo. In bai sa ba, da ruwan Agusta bango zai tsotsi danshi daga ƙasa har gwiwa, kuma babu fentin da zai hana. Ki manna leda a bango da salatif ta kwana, in da safe kin ga raɓa a cikinta, bangon bai shirya ba.

Ɗan Jahun:
Na gode Injiniya da ka ba ni ko da ɗaya.

Ummu Sadiq:
Ni abin da ya faru da ni na fitila ne. Na yi ruwan madara, da rana gwanin kyau, da dare sai ya koma wani fari-fat mai kore-kore kamar na ɗakin awo. Na zargi fentin har wata uku.

Injiniya:
Ƙwan fitilarki ne. Ki duba kwalinsa, za ki ga lamba da harafin K. Yawancin waɗanda ake sayarwa a kasuwa, musamman na sola da masu caji, 6500K ne, haskensu shuɗi-shuɗi, yana kashe duk wani launi mai taushi. Na falo da ɗakin kwana ki nemi 3000K ko 2700K. In kina ganin sun yi ja da yawa, 4000K tsaka-tsaki ne, ya dace da kicin da inda yara ke karatu. Wutar da suke ci ɗaya ce in ƙarfinsu ɗaya, ba za su cinye miki batir ba. Maman Hanifa, ki sa ƙwan da za ki zauna da shi kafin ki yi gwajin nan na dare.

Ummu Sadiq:
Haka aka yi kuwa. Ƙanena ne ya canja min ƙwai huɗu, falon ya dawo hayyacinsa.

Hajiya Babba:
Ni dai roƙona, Maman Hanifa, kada ki kai masa maganar nan a matsayin kin tara mutane sun ba ki gaskiya. Ki ce a shafa uku, har da ruwan tokar da yake so, ku tsaya tare ku kalla. Shi ma gidansa ne, kuma shi zai zauna da baƙinsa a falon.

Maman Hanifa:
In sha Allahu Hajiya. Zan dawo muku da labari.

Maman Hanifa:
Salamu alaikum, na dawo kamar yadda na yi alkawari, ku yi haƙuri an kwana biyu. Mun jira filasta ta cika wata, ledar da Injiniya ya ce ta kwana a bushe, maginin kuma ya tabbatar ya sa leda a tushe. Muka shafa uku: ruwan tokarsa, kunun gyaɗana, da wani na tsakiya da mai shagon ya ba mu, ƙasa-ƙasa ne da toka a ciki. Ranar farko da la'asar nawa ya ba ni kunya, Injiniya, kabewar da ka faɗa ce sak. Nasa kuma da ya sauko kan tayil, shi da kansa ya ce kamar ba a gama aikin siminti ba. Na ukun ne ya zauna lafiya safe da yamma da dare. Yanzu yana cewa toka ce, ni ina cewa ƙasa ce, kuma duk mun yarda a shafa. Silin fari, satin a falo da korido. Kunun gyaɗan na kai shi ɗakina da ke kallon gabas, can ya yi kyau ƙwarai da safe.

Ɗan Jahun:
Allah Ya sanya alheri. Silin dai fari ne, ina nan a kan bakana.

Baba Malami:
Allah Ya sa gidan zama ne, Ya raya zuriya a cikinsa.

Mai Fenti:
Amin. Hajiya, abu ɗaya kafin ma'aikata su tafi: ki rubuta sunan launin da lambarsa a bayan ƙofar sito, ki kuma ajiye kamar lita biyu a galan mai murfi, nesa da rana. Ranar da aka ja kujera ta karce bango za ki neme shi.

Maman Hanifa:
Na rubuta tun jiya, Malam. Saura labule. Anti Yelwa, gobe bayan azahar zan biyo miki mu shiga Wunti, zan taho da guntun kwalin da aka shafa wa fentin mu gwada a kan yadi.